Ranar da Na Rubuta Babu Canji

Ni ba mai ilimi ba ne, gara in faɗa tun da wuri. Aji huɗu na yi a firamare na fita. Sai dai hannuna ya iya tafireta, don na yi shekaru ina masinja a ofishin da akwai ta, ina leƙe, har ranar da akawu ya kwanta rashin lafiya aka ce in zauna in gwada. Da wannan hannun na ci abinci. Da shi kuma na yi ɓarnar da zan ba da labarinta.

Ofishin a Tudun Wada yake, na masu aikin hanyoyin karkara. Ɗaki biyu ne da rumfar janareta a baya. Mai gidanmu injiniya ne, ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba, ni kuma na girme shi da shekara goma ko fiye. Yana ce mini Malam, ina ce masa Yallaɓai. Shi ya kawo kwamfuta ofishin, shi kuma ya ɗauke ni daga tafireta ya zaunar da ni a gabanta, wai tunda yatsuna sun san inda haruffa suke.

Ba irin ta yanzu ba ce da ake shafawa da yatsa. Baƙin gilashi ne kawai, babu hoto babu komai. In ka kunna sai ta yi gurnani, ta tambaye ka kwanan wata, ka rubuta mata. Daga nan harafi ɗaya ya fito a kusurwa, da wata alama kamar bakin tsuntsu, kusa da ita ɗan farin layi yana ƙyaftawa. Jiranka yake ka rubuta umarni. In ka rubuta daidai ka danna babban maɓalli, ta yi. In ka kuskure, ta yaɓa maka magana da Turanci ta koma tana ƙyafta ido.

Injiniya yana da wani dogon rubutun lissafi da ya tsara da kansa, da wani yaren masu lissafi da ake kira Fotiran. Aikin rubutun shi ne a ba shi ruwan saman da aka auna shekara da shekaru, ya faɗi yawan ruwan da rafi zai ɗauko a rana mafi muni. Da wannan ake sanin ko kwalbati za a sa a hanya ko gada.

Ranar da ya fara nuna mini ya ce, "Malam, ka ga wannan rubutun? Ni nake gane shi, na'ura ba ta ganewa. Sai an kira mata tafinta ya juya shi zuwa yarenta."

Tafintan shi ma a faifai yake, irin baƙin faifan nan mai laushi da ake zurawa ta baki a rufe. Sunansa na gaskiya kwamfaila, amma tafinta muka ci gaba da ce masa. Injiniya ya rubuta layi huɗu a takarda ya manna a bango daidai idona. Na ɗaya, a kira tafinta ya karanta rubutun. Na biyu, ya juya shi. Na uku, a ɗinke abin da ya juya ya zama abu guda. Na huɗu, a sa shi aiki. Ukun farko suna cin kusan rabin awa, ana cire wannan faifai ana sa wancan. Na huɗu kuwa nan da nan ne.

"Na huɗun ne naka kullum," in ji shi. "Na saman sai ranar da aka canza rubutu. Amma ka riƙe wannan: in aka canza rubutu tafinta bai gama aikinsa ba, tsohon da ya juya tun da yana nan zaune. Shi zai ci gaba da amsa maka, kuma ba zai ce maka shi tsoho ba ne."

Ya faɗa mini. Ba zan ce bai faɗa ba.

Mu je ga rafin. Ƙauyenmu yana can ƙasar Doguwa, a bayan Riruwai, kuma tsakaninmu da babbar hanya akwai rafi ɗaya. Da rani ka tsallake shi da takalminka a ƙafa. Da marka kuwa sai ya tsare mu kwana biyu, uku. Masara ta jiƙe a buhu, mai ciwo ya kwanta ya jira. Tun ina ƙarami ake cewa za a yi mana hanya. To sai ga shi aikin ya faɗo ofishinmu, a kan teburina.

Don a yi lissafin, injiniya ya samo tsofaffin littattafan ruwan sama na masu haƙar kuza a Riruwai, na shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu. Manyan littattafai masu baƙin bango, gara ta ci gefensu. Kowace rana da gurbinta, kowane gurbi da lamba. Ina buɗe na farko na san hannun. Bakwai ɗin nan mai ƙugiya, da huɗu mai buɗaɗɗen kai. Babana ne. Shi ne mai duba ma'aunin ruwa a wurin Turawan kuza kafin a haife ni da bayan an haife ni. Bai yi boko ba, lambobi kawai aka koya masa, ya riƙe su.

Wata biyu na yi ina kwashe lambobin Baba ina zubawa a na'ura. Wasu gurabun babu komai a ciki, ko ɗigo. Na tambayi injiniya, ya ce yadda na gani haka zan sa, in bar wurin babu komai. Ya ce na'ura za ta ɗauke shi sifili ne, wataƙila ranar mai aunawa bai zo aiki ba. Da na gama muka buga layi na huɗu, amsa ta fito. Injiniya ya duba ya ce kwalbati mai baki biyu ya isa. Ya tattara takardu ya tafi Kano, inda za a sa hannu ranar Litinin ta sama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan gurabun da babu komai duk a tsakiyar damina suke. Babu ko ɗaya da rani. Kuma Baba ba mutumin fashin aiki ba ne, har yau ana ba da labarinsa a kan haka. Ranar Lahadi na hau mota na tafi gida.

Na same shi a zaure, idonsa ya riga ya yi rauni, sai dai kunne. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, littafin ruwanka ne a hannuna a ofis."

"Wane littafi?"

"Na Turawan kuza."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Ashe gara ba ta gama da shi ba."

"Akwai ranakun da ba ka rubuta komai ba. Ba ka je ba ne?"

Fuskarsa ta canza. "Ni ne ban je ba? Ka tambayi uwarka in da tana raye. Ko ran da aka haife ka sai da na je na dawo."

"To me ya sa ka bar wurin?"

Sai ya ba ni labari. Ma'aunin mazurari ne a kan kwalba, kwalbar kuma tana zaune a cikin gwangwani. In ruwa ya yi yawa kwalba ta cika, rarar ta zuba a gwangwani, a haɗa a auna. To gwangwanin ya yi tsatsa ya huje a gindi. Ya gaya wa Bature ya fi a ƙirga, kullum a ce za a kawo sabo, har suka tattara kayansu suka bar ƙasar ba a kawo ba.

"Ran da ba a yi ruwa ba, sifili nake sawa," in ji shi. "Ran da kwalba ta cika ta zubar, me zan rubuta? Abin da ƙasa ta shanye ni na auna shi? Sai in bar wurin. Baturen ya sani."

Na ce, "Baba, na'urar ta ɗauka ranakun nan ba a yi ruwa ba ne sam."

"Wane jakin ne ya gaya mata haka?"

"Ni ne."

"To koma ka gaya mata gaskiya. Ranakun nan su ne rafi yake kai wa mutum wuya."

Na koma Tudun Wada. Ranakun da suka fi kowanne ruwa, su muka lissafa a matsayin busassu. Lokacin babu waya a ofis. Direbanmu ne wayarmu, shi yake kai takarda Kano ya dawo da amsa. Na rubuta wa injiniya duk abin da Baba ya faɗa, na ba direba ranar Laraba.

Ranar Juma'a da hantsi direba ya dawo da takarda. Injiniya ya rubuta layi uku na yaren nan nasa, ya nuna mini inda zan saka su a cikin rubutun lissafin. Ma'anarsu, duk inda aka ga gurbi babu komai a ɗauka kwalba cike take. A ƙasa ya rubuta da Hausa: "Malam, ka saka su, sannan ka bi takardar bango daga na ɗaya har na huɗu. Ka ba direba amsa yau. In ta canza zan riƙe takardun kada a sa hannu. In ba ta canza ba zan miƙa ranar Litinin."

Na leƙa janareta, man gas ɗin da ya rage bai fi na awa ɗaya ba, kuma sai mako mai zuwa za a kawo. Na tayar da shi. Direba ya ja kujera ya zauna a bayana yana karkaɗa makulli. Mutum ne mai baki, sa'ana ne, tare muka fara aiki yana wankin mota ina masinja, kuma bai taɓa yafe mini zaman da na yi a ɗaki mai fanka ba.

"Farfesa, a yi sauri," ya ce. "Ina so in sami Juma'a a Kafin Maiyaki."

"Ka yi ta a nan mana."

"A nan wa zai ba ni fura kyauta? Danna abinka mu tafi."

Na saka layi ukun a hankali, harafi bayan harafi, na duba sau biyu. Wannan kam ban kuskure ba. Na adana. Na ɗaga kai na dubi takardar bango. Sau ɗaya tak na taɓa ganin an bi layukan saman nan, shi ma injiniya ne ya yi ina tsaye.

Na sa faifan tafinta, na rubuta layi na ɗaya, na danna. Na'ura ta yi ta ƙugi, jar fitila tana kamawa tana ɗaukewa. Can ta gama, bakin tsuntsu ya dawo. Na canza faifai na rubuta na biyu.

Ran da injiniya ya yi, wannan na biyun sai da ya sha shayi ya ƙare kafin ya gama. Ni kuwa ko gyara zama ban yi ba ya tsaya. Layi biyu na Turanci suka fito. Ban iya karanta su duka ba, amma na gane kalma biyu. Ɗaya ta kuskure ce, wadda na saba gani. Ɗaya kuma sunan faifai.

"Ya dai, Farfesa? Ta zage ka ne?"

"Aikinta take yi."

Na sake rubuta na biyun. Ta sake tsayawa a wuri ɗaya, da magana iri ɗaya. Janareta ya yi wata shaƙuwa a baya, fanka ta rage gudu ta dawo. Na ce bari in wuce in gani. Na rubuta na uku, shi ma ya yi ɗan gunaguni ya tsaya. Sai na rubuta na huɗu, layina na kullum, wanda yatsuna suke bugawa ko ido a rufe.

Ya tashi lafiya lau. Firinta ta kama ƙara, takarda ta fito da lambobi a jere. Na ɗauko tsohuwar amsa na ajiye kusa da sabuwa. Iri ɗaya, har ɗigo.

Ga abin da na gaya wa kaina a lokacin: da abin ya lalace ai ba zai ba da amsa ba. Tunda ya bayar, ya yi ke nan. Ga kuma abin da ban gaya wa kaina ba, amma yana nan a ƙasan cikina: na tuna maganar injiniya sarai, ta tsohon da yake zaune yana amsawa. Na tuna. Amma in na rubuta cewa abin ya ƙi, wannan mai makullin ne zai ɗauki takardar, kuma kafin ya kai Kano duk wanda ya sani a hanya ya ji cewa Farfesa ya kasa. Shekara da shekaru ina masinja. Ban so a tuna.

Direba ya leƙo ta kafaɗata. "Ai iri ɗaya ne. Duk wannan tayar da hankalin a banza? Tsohonka dai barci yake yi ranakun nan."

Na ɗauki biro na rubuta: Yallaɓai, an yi. Babu canji. Na ninke na ba shi. Ko minti goma ba a yi da tashinsa ba janareta ya mutu.

Injiniya ya miƙa takardun ranar Litinin, aka sa hannu, ya wuce hutu garinsu. Sai bayan mako biyar ya dawo. A makonnin nan man gas ya zo, na'ura tana gabana kullum, takardar bango tana kallona. Ban sake gwadawa ba. Tsoro nake ji in gani.

Kwana biyu da dawowarsa ya zauna zai yi wani aikin daban. Ya buga umarnin da yake jero duk abin da ke cikin faifai, kowanne da kwanan watan da aka yi shi. Kwanan watan nan ni nake rubuta wa na'ura kowace safiya da hannuna. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, zo."

Na zo. Ya sa yatsa a gilashi. Rubutun lissafi, ranar Juma'ar nan. Abin da tafinta ya juya, tun watan da ya kawo kwamfutar.

"Ka kira tafinta?"

"Na kira."

"Ya gama?"

Na mayar da idona kan takardar bango.

Ya rubuta layi na biyu da kansa, maganar nan ta fito. Ya karanta mini da Hausa: faifai ya cika, babu wurin da za a ajiye sabon. Lambobin Baba da na yi wata biyu ina zubawa su suka cinye wurin. Ya buɗe durowa ya ɗauko sabon faifai, a cikin kwalin da yake kusa da gwiwata kullum. Ya bi layukan daga na ɗaya. Rabin awa muna zaune muna jira. Firinta ta yi ƙararta. Ya yage takardar ya duba, ya ajiye, ya cire tabarau ya murza ido.

"Gada ce," ya ce. "Kwalbati ba zai ɗauka ba."

Na jira ya yi faɗa. Da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, a hankali, "Malam, kalma biyu ce fa. Ya ƙi. Da ita ka rubuto mini da na taho da kaina a ranar."

Ya rubuta wasiƙa, ya je Kano sau biyu a kan maganar. A wasiƙar ya ce kuskuren daga lissafinsa ne, bai ambace ni ba, ni na buga ta a tafireta don haka na sani. Aka ce masa an riga an ba da kwangila, an zuba bututun siminti, sai dai a duba a gaba. Kafin damina ta zagayo aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar da zai tafi ya cire takardar bango, ya duba ta, ya sake manna ta.

Aka yi kwalbati mai baki biyu. Ranar da mota ta fara hawa kansa mata suka yi guɗa, mutanen ƙauye suna nuna ni, wai ɗanmu ne ya yi lissafin. Baba ya tambaye ni ko na gaya wa na'urar. Na ce na gaya mata. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta fi ƙarya ɗaci.

Damina ta farko ya tsaya. Ta biyu ma. Ta uku ruwa ya taɓa samansa ya janye. Har na fara cewa wataƙila Allah ya rufa asiri, wataƙila ruwan zamanin Baba ya wuce ba zai dawo ba. Duk marka sai in nemi dalilin zuwa gida, in tsaya a kansa in leƙa ƙasa.

A ta huɗu aka wuni ana ruwa tun asuba har la'asar. Bakunan kwalbatin biyu suka kasa haɗiyewa, itace da kara suka toshe ɗaya, ruwa ya hau ta sama ya zagaya ta gefe. Ya cinye ƙasar hanya ta nan ya cinye ta can. Da na iso bayan kwana biyu, bututun suna tsaye su kaɗai a tsakiyar rafi, babu abin da ya haɗa su da kowace gaɓa. Ba a rasa rai ba, wannan na gode wa Allah. Wani Bafulatani ya rasa maraƙi. Motar masara kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ƙauyenmu ba.

Na tuɓe riga na ɗora a ka na tsallaka. Baba yana zaure, lokacin ko inuwa ba ya gani.

"Ka ce ka gaya mata," ya ce, tun kafin in gama gaisuwa.

Sai na faɗa masa duka. Faifan, da direba, da takardar da na rubuta. Ban san ko ya gane maganar tafinta ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ka ga ta ƙi da idonka?"

"Na gani."

"Ka kuma rubuta."

"Na rubuta."

"Ni Bature ne a kaina, mai iya korata a ranar. Kwalba ta zubar, na bar masa wurin babu komai. Kai direba ne a kanka."

Ya tambayi yara da uwarsu, ya ce a kawo mini ruwa. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu da ranin da ya biyo.

An rufe ofishin tuntuni, kwamfutar ban san inda ta ƙare ba. Na dawo gida ina noma. Bututun suna nan a tsakiyar rafi, mata suna shanya wanki a kansu da rani. Da marka kuwa mun koma yadda muke, buhu a ka, wando a naɗe, ana riƙe hannun tsofaffi.

Bara muna tsallakar da masara, ruwa iya ƙirji, maƙwabcina yana gabana da buhunsa yana tsine wa ɗan kwangila, wai ya cinye siminti. Kullum shi ake zagi, mutumin da ya gina daidai abin da aka ba shi a takarda. Da muka hau gaɓa na sauke buhuna na ce masa, "Ka bar zaginsa. Simintinsa lafiya lau, ga shi can tsaye. Ni na aika da amsar da ba ita ba."

Ya dube ni, ya matse ruwan rigarsa, ya yi dariya. "Kai Malam, kai da ka yi mana ƙoƙari? Ɗauki buhunka, saura shida a can."

Na koma cikin ruwan.